Mun Biya Kuɗin Rumfa, Ina Ruwa?

'Yan'uwanmu talakawa na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, musamman ku da ku ke wuni a rumfunan kasuwa, yau maganar ruwan sha mu ka kawo muku. Kowace safiya mutum biyu su ke karɓar kuɗi a hannun mai rumfa tun bai yi cinikin fari ba. Na farko ɗan ga-ruwa ne, ya turo kurarsa da jarkoki, ya zuba maka ruwan da kai ba ka san inda ya ɗebo ba, shi ma bai san abin da ke cikinsa ba. Na biyu mai karɓar kuɗin Ƙaramar Hukuma ne, ya yago maka rasit, in ma ya yago, ya wuce. Ɗan ga-ruwa dai ya ba ka abin da ka saya. To, shi mai rasit fa, me ka saya a wurinsa?

Wannan ƙasa tamu ba matalauciya ba ce. Audugar Funtuwa ce ta jawo jirgin ƙasa da injin gurza tun zamanin Turawa. Masarar Dandume da Bakori da Ƙafur da Ɗanja ita ke cika manyan motoci zuwa Kudu da Nijar. A Funtuwa aka fara ɗaya daga cikin manyan ayyukan raya noma na Bankin Duniya wajen 1975, tare da Gusau da Gombe. Har kogin Sakkwato ma daga kusa da Funtuwa ya taso. Amma ga mu nan, matanmu da 'ya'yanmu su na sammako da bokiti kamar mutanen hamada.

Akwai dalili ɗaya da ba laifin kowa ba ne, kuma gara mu faɗe shi don kada a ce mun ɓoye. Ƙasarmu a kan fa ta ke zaune. Masu haƙar rijiya sun san haka: ka yi gaba kaɗan sai diga ta ci karo da dutse, ruwa kuwa sai inda dutsen ya tsage. Shi ya sa burtsatse ɗaya ta ke ba da ruwa, ta kusa da ita ta ƙafe da bazara. Shi ya sa kuma aka dogara ga madatsai: Mairuwa tun 1970, Gwaigwaye a 2003, da madatsar Malumfashi. Waɗannan da injinan tace ruwansu da manyan bututu su na hannun Hukumar Ruwa ta Jiha. Garuruwa sun yi ta faɗi, sababbin unguwanni sun tsiro inda da gonaki ne, bututu bai bi su ba. Saboda haka mafi yawanmu rijiyar gida mu ke sha, ko burtsatse, ko na kura, ko na leda.

To, a nan ne mutanen Sakatariya su ke fakewa. In ka kai kukan ruwa sai a ce maka, “Ai ruwa ba namu ba ne, na Jiha ne, ku tafi Katsina.” Mun ji, famfo na Jiha ne. Amma a buɗe Tsarin Mulki na 1999, Jadawali na Huɗu, inda aka lissafta ayyukan Ƙaramar Hukuma. Kasuwa tata ce. Tasha tata ce. Mayanka tata ce. Gidan wanka da ba-haya na jama'a nata ne. Lambatu da magudanan ruwa na cikin gari nata ne. Kwashe shara da ƙazanta nata ne. Jama'a, ku duba wannan lissafi da kyau, ku gaya mana: me ya ke ɓata ruwan sha in ba waɗannan ba? Watau ko da Jiha ce mai kawo ruwan, duk abin da ke shiga cikinsa ya kashe mutum daga hannun Ƙaramar Hukuma ya ke fitowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari mu bayyana yadda abin ya ke, gama da yawa cikinmu har yanzu iska su ke zargi. Ƙwayar cutar kwalara a cikin bayan-gidan mai ciwon ta ke fita. In damina ta sauka, masai ya cika, lambatu ya toshe da leda, ruwa ya malala cikin lungu, sai ya gangara rijiyar da ba ta da baki, ko ya shiga bututun da ya fashe a cikin kwata lokacin da babu ruwa a ciki. Gobe ɗan ga-ruwa ya ɗeba, mai fura ta dama, mai tuwo ta wanke kwano, mai zoɓo ya ƙulla. Ruwan kuwa garau ya ke a ido, ba wari, ba ɗanɗano. Ranar kasuwa mutum dubu sun sha, da yamma kowa ya hau mota ya kai ƙauyensu.

Ba labarin nesa mu ke ba ku ba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Funtuwa na cikin wuraren da abin ya fi tsanani a Jihar Katsina. Wanda ya yi jinya a wannan damina bai manta ba. Babban mutum mai ƙarfi ya fito kasuwa da safe, kafin dare amai da gudawa sun tsotse shi, idanu sun faɗa. Aka kawo ƙarin ruwa, aka zuba magani a rijiyoyi, aka yi shela a rediyo. Da rani ya shigo, cuta ta lafa, kowa ya koma barcinsa. Lambatun nan dai su na nan inda su ke.

A birnin Landan, cikin 1854, irin wannan annoba ta faɗa wa wata unguwa, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, Jon Sino, ya bi gida gida ya na tambaya, “Ina ku ke ɗiban ruwa?” Sai ya ga mamatan kusan duk famfon titi ɗaya su ke sha. Bai tafi fadar Sarauniya ba. Hukumar unguwar ya samu, su ka yarda su ka cire hannun famfon. Daga baya aka tona aka tarar ramin ƙazanta na wani gida ne ya ke yoyo dab da rijiyar. Abin da mu ke so ku lura da shi shi ne, a lokacin ko ƙwayar cutar ba su sani ba, ba su da kayan awon da ake da su yau. Ƙafa su ka sa da tambaya, da hukumar unguwa mai jin magana.

Mu ma a nan mun taɓa ganin irin wannan aiki ya ci. Tsofaffinmu sun san kurkunu, yadda ya ke kwantar da manomi tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa ya na kallo. Da ƙyallen tace ruwa, da maganin tafki, da mutum ɗaya a kowane ƙauye mai lura da wanda ya kamu, aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Tsargiya kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Ingila su ka zauna a ƙasar Malumfashi su na binciken yaran da ke fitsarin jini saboda wanka a tafki da rafi. Ilmin nan an rubuta shi tun kafin a haifi yawancin kansilolinmu.

A zamanin En'e akwai Duba-gari. Ba mu ce zamanin En'e na daɗi ba ne, iyayenmu sun sha bulala da ɗauri kan haraji, Duba-gari kansa wani lokaci sai an sa masa wani abu a aljihu ya ke ganin gida da tsabta. Amma ko banza ya na shiga gida, ya buɗe randa, ya leƙa masai, ya duba naman mahauta. In an ce ga shi nan tafe, mata kan zubar da tsohon ruwa su share tsakar gida. Yau ma akwai ma'aikatan tsabta masu takardar makaranta a Ƙananan Hukumomi, sun fi na da ilmi nesa ba kusa ba. Yaushe rabon da ka ga ɗayansu ya tsoma kwalba a rijiyar unguwarku ya tafi da ita awo? Ba mu ga laifinsu ba. Ma'aikacin da ba a ba shi babur ba, ba mai, ba kayan awo, sai benci a gindin darbejiya, me zai yi?

Abin da shugabanninmu su ke so shi ne burtsatse sabuwa. Ita ce ake kafa wa allo da suna, a kira maroƙa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan wata shida roba ta cinye, ko injin ya ƙone, ko an sace farantin hasken rana, shi ke nan ta zama turken awaki. Gyaran da bai kai kuɗin abincin bikin buɗe ta ba sai ya gagara, don gyara ba shi da allo, ba shi da kamasho. In zaɓe ya matso a haƙa wata a gefenta. Ku zaga mazaɓarku ku ƙidaya matattun famfunan tuƙa-tuƙa, sa'an nan ku ƙidaya masu rai, ku kawo mana lissafi mu buga.

Za su ce babu kuɗi. Bari mu taɓa wannan kaɗan. Daga asusun Tarayya, Ƙananan Hukumomi 774 su na da kashi 20.60 cikin ɗari, 34 daga cikinsu kuwa na Jihar Katsina ne. Shekara da shekaru kuɗin nan ta asusun haɗin gwiwa da Jiha ya ke bi, Ciyaman ya karɓi abin da aka ga dama. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Bayan hukuncin aka shiga jan ƙafa wajen aiwatarwa. Mu dai abin da kare ya faɗa mu ka riƙe, da aka ce ana biki a gidansu: mu gani a ƙasa. Ban da wannan, a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don ruwa da tsabta a jihohi bakwai, Katsina na ciki. Bashi ne, ba sadaka ba, mu da jikokinmu za mu biya. Wanda zai biya bashi kuwa ya na da ikon tambayar inda aka kai kuɗin.

Ainihin ciwon shi ne, wa Ciyaman ya ke tsoro? A 2015 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun Ƙananan Hukumomin wannan jiha, sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haram ce, bayan wa'adinsu ya daɗe da wucewa. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya ɗaya ta kwashe kujeru 34 duka. Mutumin da ya san daga sama kujerarsa ta zo, daga sama kuma za ta iya tafiya, sama zai riƙa kallo. Wuyansa ba zai sunkuyo ya ga lambatu ba sai mun ja rigarsa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne mu ke haƙa masai taku biyar daga rijiya, alhali masana sun ce a bar tsakani kamar mita 30. Mu ne mu ke jiran hadari ya taso mu juye shara a kwata. Mu ne mu ke ajiye guga a ƙasa inda kaji su ka bi. Mun yarda. Amma gidan talaka a tsakiyar gari ina ya ga mita 30? In ba a ajiye masa wurin zuba shara ba, ba motar kwashewa, ina zai kai? Don irin wannan aka yi hukuma, don abin da mutum ɗaya ba ya iya yi wa kansa.

Abin da mu ke nema ba ya bukatar kwangilar biliyan. Tun 2007 Nijeriya ta ke da rubutacciyar ƙa'idar ruwan sha, wadda ta ce kada a sami ƙwayar cutar bayan-gida ko ɗaya a cikin awon ruwa. To, a auna. Duk burtsatse da rijiyar da 'yan ga-ruwa su ke ɗiba su sayar, Ƙaramar Hukuma ta san da ita, ta auna ruwanta kafin damina da tsakiyarta, ta manna sakamako a ƙofar kasuwa da Hausa, da boko da ajami, kowa ya karanta. Wadda ta ɓaci a zuba mata kulorin ko a rufe ta har a gyara. Kuma mu na gargaɗi tun yanzu: kada a mai da wannan hanyar tatsar ɗan ga-ruwa. Shi talaka ne ɗan'uwanmu, da ƙarfin ƙirjinsa ya ke yin aikin da hukuma ta kasa. Mai rijiyar da ke karɓar kuɗi za a tambaya. Masu ruwan leda kuma, lambar NAFDAC a jikin leda ba ta hana ma'aikacin tsabta shiga ya ga inda ake ɗurawa.

Sa'an nan a ware kuɗin gyara dabam a cikin kasafi, a ɗauki makaniki a kowace mazaɓa wanda jama'a su ka san gidansa. Kowace babbar kasuwa a yi mata ba-haya mai ruwa, nesa da 'yan abinci, a raba magudanar mayanka da hanyar rijiya. A yashe lambatu a watan Afrilu da Mayu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin rumfa da na tasha da na kara da ake karɓa kowane mako, Ciyaman ya faɗi nawa ne, nawa aka mayar kasuwar.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku na da ƙungiyoyi, na hatsi, na mahauta, na 'yan tireda, na mata masu abinci, na direbobi. Ku daina yar da rasit, ku tara shi a gwangwani, shi ne shaidarku. Shugabanninku su rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa Kansila, a kai wa Ciyaman, a ajiye kwafi wurin Hakimi, a sa kwanan wata. Ku tafi cikin ladabi, da rana tsaka, ku da yawa, ku nemi a ba ku ranar da za a fara awo da yashe lambatu. In sun ba da rana, za mu buga ta a wannan shafi, mu kuma zo mu gani ran da ta cika. In sun ce ku tafi Katsina, ku buɗe musu Jadawali na Huɗu, ku ce su karanta da ƙarfi.