Filin Tsakar Gida: Pandanus a Bakin Ƙofa

 Gidajenmu na Nima da Maamobi a matse suke, amma ba a rasa gurbin tukunya guda. Yau mun zo da pandanus, shuka mai ganye irin na abarba, wanda ke fitowa a murɗe, saiwoyinta kuma suna saukowa daga kara su tokare ƙasa.

Mu sayi babban bokiti a Kasuwar Malam Atta, mu huda gindinsa, mu cika shi da baƙar ƙasa da yashi. Tana son haske, sai dai ranar tsaka tana ƙona ta. Ruwan alwalar da muke zubarwa ya wadace ta. Mu zuba a gindi idan ƙasar ta bushe, domin ruwan da ya kwanta tsakanin ganye yana ruɓar da ita. Da hunturu, mu goge mata ƙura.

Hattara, iyaye mata: gefen ganyen ƙaya ne, mu nisanta ta daga yara. 'Ya'yan da take fitarwa kuwa, mu raba wa maƙwabta, domin dashe sadaka ne.

Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.