INJI ƊAYA, AIKI BIYU: DABARAR MASUNTAN ƘANƘARA

Jama'a manoma, da 'yan kasuwa, da malaman ofis, zancenmu na wannan mako na su ne, amma ba irin na Argungu ba. Za mu leƙa ƙasashen da sanyi ya kan daskarar da tabki har mutum ya yi tafiya a bisansa, watau irin su Kanada, da Finlan, da Suwidin, da arewacin Amurka. Masuntan can sun ɓullo da wata dabara wadda na ke ganin duk mai shirin fid da kuɗinsa ya sayi inji ya kamata ya ji ta tukuna.

A jihar Minesota ta Amurka akwai tabkuna 11,842 waɗanda girmansu ya kai eka goma ko fiye. A watan Janairu sanyin arewacin jihar ya kan sauka awo 20 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, ƙanƙara kuma ta yi kaurin ƙafa biyu har uku. Kifi kuwa ba ya mutuwa. Cikin ikon Allah ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta tsaya a sama kamar murfin tukunya, ruwan ƙasa yana nan yadda ya ke. To, mai son kifi tilas ya huda murfin nan ya zura fatsa. Rami ɗaya kuma ba ya isa, domin kifi yawo ya ke yi. Mutum ya kan huda goma ko ashirin kafin ya dace. A tabkin Gull, kusa da garin Brainerd, inda aka fara wata babbar gasar fatsa a 1991, ramuka dubbai a kan huda kafin ranar gasa.

Da fari da dogon ƙarfe su ke sarar ƙanƙara, kamar yadda mu ke haƙa da dagi. Sa'an nan aka sami mahaƙi na hannu, watau murɗaɗɗen ƙarfe mai wuƙaƙe a ƙasa, ana juya shi yana yanka yana fid da gari sama. Garin Mora na ƙasar Suwidin ya yi suna wajen ƙera shi. Yana aiki sosai, sai dai kafin ka huda rami na biyar a ƙanƙara mai ƙafa biyu, kafaɗa ta gaya maka. Daga shekarun 1950 aka ɗora wa mahaƙin injin fetur. Wannan ya ɗauke wahalar juyi, amma ya zo da tasa. Nauyinsa ya kan wuce kilo 12, ga ƙara, ga ƙin tashi da sanyin safiya, ga hayaƙi mai lahani cikin 'yan ɗakunan da masunta ke kafawa bisa ƙanƙara. Banda wannan, wata uku ko huɗu kaɗai ya ke aiki, sauran shekara yana ajiye.

Ana nan sai waɗansu suka lura da abin da ke rataye a gidajensu, watau injin huda mai batir, irin wanda kafintoci ke huda katako da shi. Kamfanin Black & Decker ya fito da irinsa tun 1961, amma batiran zamanin ba su da ƙarfin kirki. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya sa batirin litiyam a kasuwa, irin wanda ke cikin wayar hannunka, a 2005 kuma kamfanin Milwaukee ya sa shi cikin kayan aikin hannu. Daga nan injin kafinta ya sami ƙarfin da zai juya babban ƙarfe. Sai masunta suka cire mariƙin mahaƙin hannu, suka haɗa sandarsa da bakin injin ta wurin wani guntun ƙarfe. Shi ke nan. Duka kayan ba su kai rabin nauyin mai fetur ba, babu hayaƙi, babu jan igiya. Ƙanƙara ta narke, a kwance mahaƙi a rataye, inji ya koma gyaran ƙofa da shinge. Da masu ƙira suka ga haka, sai suka shiga yin mahaƙa marasa nauyi musamman domin wannan aiki.

Ni a ganina masuntan nan sun yi daidai. Abin da ke cin kuɗi a kowane inji shi ne abin da ke juyawa da abin da ke ba shi wuta. Bakin da ke yanka ƙarfe ne kawai. Don me mutum zai sayi mai juyawa biyu, ɗaya yana barci wata takwas?

Amma fa dabarar tana da ƙa'idodi, kuma waɗanda suka raina su sun sha wuya. Na farko, ba kowane inji ba ne. Ana son wanda aka rubuta 18V ko 20V a jikinsa, mai bakin rabin inci, mai ƙarfin murɗa sosai, da batir mai lamba 4Ah ko fiye. Ƙaramin injin ɗaure sukurun kujera, in ka sa shi wannan aiki, hayaƙi zai yi ya mutu. Araha ba ta ado.

Na biyu, a sa shi a giya ta ɗaya, kamar babbar mota za ta hau tudu da kaya. Gudu ba shi ne aiki ba a nan. Kada kuma a danna shi da ƙarfi, a bar wuƙaƙe su ci da kansu, in dai da kaifinsu.

Na uku, a riƙe da hannu biyu, da mariƙin gefe a ɗaure. Sa'ad da wuƙa ta kusa faɗawa ruwa ta kan cije, mahaƙi ya tsaya cik, sai injin da kansa ya juya ya murɗe wuyan hannun mai shi. Saboda haka ma aka ƙera wani faranti mai hannuwa biyu da a ke ɗaure injin a kai.

Na huɗu, a duba faɗin rami. Ramin inci takwas in an gwada shi da na inci shida, a ido bambancin inci biyu ne. A lissafi kuwa 8 sau 8 ya ba da 64, 6 sau 6 ya ba da 36, watau ƙanƙarar da za a yanke ta kusa ninki biyu. Wanda ƙananan kifi ya ke nema ya ɗauki mai inci takwas, ya cinye batirinsa a banza.

Na biyar, bakin inji ya kan saki. In ya saki bayan an huda, mahaƙi ya tafi ƙasan tabki ke nan, sai labari. Don haka a kan sa masa wani faifai wanda ya fi ramin faɗi, ko abin da zai sa ya yi iyo. Batir kuma sanyi na rage masa ƙarfi, sai su riƙa ɓoye na ajiya cikin riga, ba sa kuma yi masa caji yana daskare. Duk wannan bayan an tabbatar da kaurin ƙanƙara ne, gama hukumar jihar Minesota ta gargaɗi jama'a kada kowa ya taka sabuwar ƙanƙara sai ta kai inci huɗu.

Wani zai ce, ai ba don wannan aka ƙera injin kafinta ba, wahalar da shi kawai a ke yi. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Wanda sana'arsa ke nan, yana huda ramuka ɗari a yini cikin ƙanƙara mai ƙafa uku, gara ya sayi mahaƙi mai babban batir wanda aka yi domin aikin. Amma irinsa nawa ne? Yawancin masu fatsa ramuka kaɗan su ke bukata a ƙarshen mako. A gare su ƙarin inji asara ce.

To, ina ruwan manomin Arewa da ƙanƙara? Ruwansa shi ne, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan ana ƙera shi domin ƙasa ma. Mu da muka yi makarantar aikin gona, da na hannu muka koyi ɗebo ƙasa domin awo. Yanzu akwai wanda a ke ɗaura wa injin batir, a yi ramukan dashen itatuwa da na kafa shinge. Na gwada shi a fadama ina dashen gwaba, ya yi mini aikin yini kafin azahar. Na kuma yi ganganci na riƙe da hannu ɗaya, ya ci karo da saiwa, na kwana uku ba na iya ɗaga buta. Ka ga ƙa'idar masunta ba ta bar ni ba. A ƙasa mai laushi ko mai danshi ya ke aiki. A marmara, ko laka da ta bushe da rani, koma ga dagi da diga. Su sanyi ke cutar batirinsu, mu zafi ne, don haka kada a bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu.

Shawarata ita ce, kafin ka sayar da buhunan hatsi ka sayi inji, tambayi kanka wata nawa zai yi aiki a shekara, aiki iri nawa kuma zai yi. In amsar wata biyu ce da aiki ɗaya, dakata ka sake tunani, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabta. In kuwa za ka saya, sayi ƙaƙƙarfa guda ɗaya, ka riƙa sake masa baki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.