Hayar Gefen Titi: Darasi Daga Kasuwar Zangon Katab

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Shagamu, ya san yadda ake samun wurin kafa tebur. Mai shayi, da mai tsire, da mai gyaran takalmi, da mai sayar da goro, galibinsu a gefen titi ko a bakin lungu suke zaune, suna biyan wani abu kowane mako ko kowane wata. Wasu ƙaramar hukuma suke biya, wasu mai gidan da suke gabansa, wasu kuwa 'yan tasha. To, abin tambaya shi ne, wa ke da ikon ba da hayar hanyar da jama'a duka ke bi, kuma me wanda ya biya ya mallaka?

Ta fuskar doka maganar a fili take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe su amana domin jama'a. Tsarin Mulki na 1979, haka kuma na 1999, ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da gyaran tituna da magudanan ruwa, da sa ido kan kantuna da rumfuna. Ke nan mai gida ba shi da ikon ba da hayar titin da ke ƙofar gidansa, balle ɗan tasha. Ita ma hukumar, abin da take bayarwa izini ne na wucin gadi, wanda za ta iya janyewa ran da ta ga dama. 'Yan kasuwar da aka rushe wa rumfuna a zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1984 da 1985, sun ga wannan da idonsu. A Jihar Ikko ma an kafa doka a 2003 da ta hana ciniki a kan titi.

Amma rabon wurin ciniki ya wuce maganar takarda, domin jama'a kan ɗauke shi ma'aunin wanda ke da iko a gari. Babu inda wannan ya fito fili kamar Zangon Katab da ke kudancin Jihar Kaduna. Tsohuwar kasuwar garin tana tsakiyar unguwar Hausawa, a matse. Katabawa, waɗanda ke kiran kansu Atyap, sun daɗe suna kukan cewa ba su da wurin kirki a cikinta, kuma ba a barin su sayar da wasu kayan da suka saba da su, irin su burkutu da naman alade. Da aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Zangon Katab a 1989, mai hedkwata a Zonkwa, sai maganar ta sake tasowa. A farkon 1992 shugaban hukumar, Juri Babang Ayok, ya ba da sanarwar mayar da kasuwar sabon wuri. Hausawan Zango suka ce ba su yarda ba, suna ganin an shirya ne don a karya musu ciniki, kuma sabon wurin ya taɓa filin Idi. Ɗaya daga cikin manyansu, Alhaji Ɗanbala A.T.K., ya kai ƙara kotu.

Ranar Alhamis 6 ga Fabrairu, 1992, ranar da aka sa za a fara cin sabuwar kasuwar, faɗa ya kaure, aka yi hasarar rayuka da gidaje. Gwamnatin Alhaji Dabo Lere ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin ƙura ta lafa, a tsakiyar watan Mayu wutar ta sake tashi fiye da ta farko, ta bazu har Kaduna da Zariya, ɗaruruwan mutane suka halaka. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da waɗansu hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnatin Janar Babangida ta sassauta shi zuwa ɗauri.

Gaskiya ne tushen rikicin ya girmi kasuwar. Akwai tsohuwar jayayya kan gonaki, da kuma ƙorafin Katabawa kan zamansu a ƙarƙashin Masarautar Zazzau, wanda ya sa daga baya aka ba su masarautarsu. Duk da haka, ta ƙofar kasuwa wutar ta shiga. Dalili kuwa shi ne, kowane ɓangare ya duba wanda ya yanke shawarar, da wanda zai ci riba, ya yi hukunci tun kafin a kafa rumfa ɗaya. Inda babu yarda tsakanin jama'a da hukuma, ko rabon fili taku biyar sai a yi masa fassarar ƙabila da addini.

Mazauna Kudu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Rikicin Ketu da Mile 12 a Ikko, a watan Nuwamba 1999, kan wanda zai riƙe kasuwa ya tashi. Na kasuwar Shasha a Badun kuwa, a watan Fabrairu 2021, ya faro ne daga cacar baki kan kayan da suka zube a gaban wani shago, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar.

Wannan ba ya nufin hana talaka gefen titi. Mai ƙaramin jari ba zai iya kama shago ba, kuma ita ma hukuma tana samun kuɗin shiga. Abin da ake bukata shi ne tsari. A shata iyakar wurin, a bar hanyar masu tafiya da ƙasa, kada a toshe kwata. A liƙa kuɗin haya da tsawon wa'adi a ofishin hukuma kowa ya gani. A bi layi wajen rabo, ba tare da duba garin mutum ba. In za a tashi mutane, a zauna da shugabanninsu tukuna, a ba su lokaci, a nuna musu inda za su koma. In kotu ta shiga magana, a jira hukuncinta.

Shi kuma ɗan ci-rani, nasa aikin shi ne ya biya hukuma kai tsaye, ya karɓi rasit mai hatimi ya adana, kada ya zuba siminti a wurin da ba nasa ba, kuma ya zauna lafiya da mai gidan da yake ƙofarsa. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi Araba, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ne ya kamata su riƙe jerin sunayen mutanensu da wuraren da aka ba su, su kuma kai ƙaramar gardama gaban hukuma tun tana ƙarama.