Alat Ba Kuɗi Ba Ne

Jama'a, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tiransifa ta shiga cinikinmu har ta zauna daram, daga kasuwar Tambuwal zuwa ƙauyukan Kebbe. Na yi maraba da ita, amma akwai ɗabi'ar da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mai saye ya miƙo wayarsa, manomi ya leƙa ya ga hoton rasit, sai ya ce a ɗora buhun gero a mota. Ɗan'uwa, hoton nan yaro ma yana iya haɗa shi, saƙon tes kuwa ana ƙirƙirar na bogi da sunan banki. Shaidar da na yarda da ita ɗaya ce, ka duba asusunka da wayarka. Ko ƙaramar waya ce, lambar USSD ta bankinka za ta nuna maka abin da ke ciki ba tare da data ba. In sabis ya yi nauyi, kaya su jira, ko ran wa zai ɓaci. Lambar sirrinka kuwa, ko mai POS da kuka saba kada ka karanta masa, karɓi na'urar ka danna da hannunka.