Daren da Misisipi ta sauka a Accra

Manyanmu na unguwannin Nima da Mamobi ba su manta da 6 ga Maris, 1971 ba. Ghana ta cika shekara 14 da samun 'yanci, Dandalin Black Star ya cika maƙil, makaɗan Amurka suka kwana suna kiɗa har gari ya waye. Soul to Soul ake kiran taron, kuma da wannan suna kamfanin Atlantic ya fitar da faifan da aka naɗa a wurin, tafinmu da ihunmu duk suna ciki.

Wilson Pickett ne gwanin samari a lokacin, ba musu. Amma masu kunne sun fi zama da Pops Staples, dattijon da ya taso a gonakin auduga na Misisipi, inda ya ji Charley Patton tun yana yaro. A hankali yake taɓa jita, tsirkiyar na makyarkyata kamar kukan goge, 'ya'yansa na yi masa amshi. Ike Turner ma, da ya yi wasa a daren, ɗan Clarksdale ta Misisipi ne, cibiyar kiɗan blues. Mu da muka tashi da waƙa da amshi, ba mu ji baƙunta a ciki ba.

Yau yaranmu na sauraron Bombino na Agadas a waya, har da faifansa Live in Amsterdam na 2020, duniya kuma na yi wa salonsa laƙabi da blues ɗin hamada. Madalla da haka.

Sai dai akwai wanda muka bari a baya. A daren Soul to Soul, Amoa Azangeo, ɗan ƙabilar Frafra daga arewacin Ghana, ya hau dandamali da cakinsa tare da Les McCann da Eddie Harris, yana juya shi yana bugawa, kiɗa bai kuɓuce masa ba. Baƙi suka ɗauke shi a fim, mu 'yan gida muka mance sunansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Masu goge da gurmi nawa suka raya bukukuwan aure da suna a lungunan Zango, suka rasu ba a naɗi muryarsu ba? Jama'a, waɗanda suka rage sun manyanta. In an kira su biki, mu naɗi kiɗansu da izininsu, mu rubuta sunayensu, mu sallame su da kyau.