Yaro mai asma, kada ki tsaya kan "lafiya lau"

Iyaye, musamman ke uwa da kike kwana da yaro mai asma, wato fuka.

Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kan dauriya. Ki tambayi yaro ya jiki, zai ce da sauƙi ko da ƙirjinsa a ɗaure yake. Wani kuma ba ɓoyewa yake ba, ya daɗe da numfashi sama-sama har ya ɗauka haka kowa yake ji. Shi ya sa a ganina koya wa yaro gane alamun ciwonsa ya kai sayen magani muhimmanci.

Ki daina tambayar "lafiya?" kawai. Ce masa: ƙirjinka ya yi nauyi? Kana jin fito in ka fitar da iska? Tari ya tashe ka jiya da dare? Ka gaji kafin abokanka a wajen ƙwallo? In ya ce "kamar an zauna min a ƙirji", to ku riƙe wannan kalmar, ta zama sunan abin a gidanku, har malaminsa ya san ta.

In da hali, a nemi ƙaramar na'urar auna ƙarfin numfashi, wadda yaro ɗan shekara 5 ko 6 zai iya hurawa. Yana tsaye zai hura da ƙarfi sau uku, a rubuta lamba mafi girma. A yi haka mako biyu yana cikin ƙoshin lafiya don a san iyakarsa. Daga kashi 80 na wannan lambar zuwa sama, alhamdulillah. Tsakanin 50 da 80, a kula, a bi tsarin likita. Ƙasa da 50, sai asibiti. Dabarar da na fi so: kafin ya hura, ya fara cankar lambar da zai samu, sannan ya ga gaskiya. Wasa ne a wurinsa, amma a hankali yake koyon sauraron ƙirjinsa.

Hunturu, ƙura, hayaƙin icce, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna tayar da ita. Zuma da habbatussauda ba sa buɗe hanyar iska in ta toshe, inhela mai shuɗi ke wannan aikin.

In ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ki ba shi inhelar ku kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne.