Ra'ayinmu: A Koya wa Yaro Karanta Jikinsa Kafin Fushi Ya Ci Ƙarfinsa

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya riƙe aji a Garun Malam cikin Maris da Afrilu ya san halin da ake shiga bayan an dawo daga tara. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, ɗaki ya cika maƙil. Daga cikin yaran akwai wanda ya yi sammakon tsinkar tumatir, akwai wanda ya fito bai karya ba. Da zarar an taka ƙafar wani ko an ɗauke fensirin wata, sai kokawa ta kaure. Abin da ya fi kusa da hannunmu kuwa bulala ce. Bulala tana kawo shiru, amma shiru daban, natsuwa daban.

Matsayin wannan mujalla shi ne: kamar yadda muke koya wa yaro karanta baƙi, haka ya kamata mu koya masa karanta jikinsa. Fushi da tsoro ba sa zuwa ba sallama. Jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, kafaɗu su ƙage, hannu ya dunƙule. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Saboda haka idan muka ce wa ɗan aji uku "yi haƙuri" kawai, mun ba shi umarni ba mu nuna masa hanya ba. Hanyar kuwa tana jikinsa, domin fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya.

'Ya'yanmu ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Ruwan madatsar Tiga da ke ratsa Bunkure, Kadawa da Kura da ƙofofi ake sarrafa shi. Yaron da ya taɓa taya mahaifinsa ban ruwa ya san cewa idan aka saki ruwa gaba ɗaya zai fasa kunya ya kwashe shuka, idan aka buɗe masa kaɗan-kaɗan sai ya raya gona. Da wannan misali za a fahimtar da shi abin da fushi ke yi.

Aikin ba ya buƙatar ko sisin kwabo, minti uku ya isa. Yara su zauna, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan ciki. Su shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, su fitar ana ƙirga shida, sau biyar. Su dunƙule hannu da ƙarfi, su sake, su lura da bambancin. Sannan malam ya tambaya: "A ina kake jin fushinka, a ƙirji ko a wuya?" A riƙa yi kullum lokacin da ake zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a tilasta wa kowa rufe ido, kada kuma a mayar da abin horo.

Wasu iyaye za su ce baƙuwar al'ada ce. A tuna musu cewa a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito an umarci wanda ya fusata yana tsaye da ya zauna, idan fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. Kwantar da zuciya ta hanyar jiki tarbiyyar gidanmu ce tun fil azal.

Sai dai kada mu zuzuta abin fiye da kima. Wani babban bincike da Jami'ar Okusfod ta jagoranta a makarantu sama da 80 na Birtaniya, wanda aka fitar a 2022, ya gano cewa darussan natsuwa ba su fi koyarwar da aka saba amfani ga lafiyar tunanin ɗalibai ba, kuma yawancin yaran ba sa maimaitawa a gida. Malaman da aka horar ne suka sami sauƙin gajiyar aiki, ko da yake na ɗan lokaci. Abin lura a nan shi ne, mu za mu fara. Malamin da ke daka tsawa da jijiyar wuya a miƙe ba zai koyar da natsuwa ba.

Haka nan numfashi ba ya maganin yunwa, ƙishirwa ko cunkoso. Amma yaron da ya iya faɗin abin da jikinsa ke ji zai taimake mu mu bambance rashin ji da rashin lafiya, musamman a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka zama ruwan dare.

Don haka muna kira ga shugabannin reshe su sanya wannan horo cikin taron malamai na gaba, shugabannin makarantu su ware masa minti uku bayan tara, kwamitocin SBMC su wayar da kan iyaye. Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna roƙon SUBEB ta haɗa da ruwan sha da ƙarin azuzuwa da malamai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallami, don kada ya karye. Allah Ya yi mana jagora.